Kowane Ɗigo da Ajinsa: Tarihin Dabarun Matse Hoto

A ƙarshen shekarun 1970, injiniyan da ya so tura hoto ɗaya ta wayar tarho sai ya nemi kujera ya zauna. A ɗauki hoto baƙi da fari mai ɗigo 512 a tsaye, 512 a kwance. Ɗigo 262,144 ke nan, kowanne yana cin bit 8 kafin a faɗi yawan haskensa, jimla bit miliyan biyu da ɗoriya. Na'urar sadarwa mai kyau a wancan zamani bit 1,200 take turawa a daƙiƙa, saboda haka hoton nan guda zai kwashe kusan rabin awa a hanya. Ga taurarin ɗan'adam sun fara aiko da hotunan ƙasa, ga asibitoci suna ta tara hotunan cikin jiki. Dole a rage wa hoto nauyi ba tare da ido ya gane an taɓa shi ba.

Tun a 1948 Claude Shannon na cibiyar binciken Bell a Amurka ya aza harsashin ilimin auna bayani, a 1959 kuma ya nuna cewa akwai ciniki tsakanin yawan bit ɗin da za a kashe da yawan ɓacin da za a iya jurewa. Sai dai lissafin irin wannan ya fi tafiya daidai idan abin da ake matsewa halinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Hoto kuwa ba haka yake ba. A hoton mutum da ke tsaye a fili, sararin sama sumul yake, ba shi da wani labari, fuska na da ɗan motsi, aikin da ke wuyan riga kuma cike yake da layuka da kwane-kwane. Wanda ya raba bit daidai wa daida tsakanin sama da wuyan riga ya yi asara sau biyu, ya ɓarnatar a inda ba a buƙata, ya kuma ƙuntata a inda ido zai fara sauka. Abin da ya biyo baya na shekaru ashirin da wani abu, a ganina, tarihin neman amsar tambaya ɗaya ce: ta yaya na'ura za ta gane wurin da ke da magana da wurin da ba shi da ita, kuma ta yaya za ta sanar da mai karɓa ba tare da sanarwar ta cinye ribar ba?

Matakin farko ya fito daga hannun Nasir Ahmed, haifaffen Bangalor ta ƙasar Indiya, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas. A watan Janairun 1974 shi da T. Natarajan da K. R. Rao suka buga dabarar da aka sani da DCT, wadda ke ɗaukar ɗan murabba'in hoto ta juya shi zuwa jerin lambobi, ta tattara mafi yawan ƙarfinsa cikin 'yan lambobi kaɗan na farko. Bayan shekara uku, a 1977, Wen-Hsiung Chen da Harrison Smith suka ƙara wani abu da bai yi kama da babban abu ba a lokacin. Suka yanyanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 16 sau 16, suka auna yawan motsin da ke cikin kowane gida, sannan suka kasa gidajen aji huɗu masu yawa ɗaya, daga mafi shiru zuwa mafi hayaniya. Kowane aji da nasa kason bit. Don mai karɓa ya san ajin kowane gida, sai a aika masa da bit 2 kacal a kan ɗigo 256. Kuɗin kaɗan ne, ribar kuwa ido na ganinta. Wannan takarda ita ce kakar duk abin da za mu ambata a gaba.

A 1986 Bhaskar Ramamurthi da malaminsa Allen Gersho a Kalifoniya suka kai tunanin wani mataki: maimakon auna motsi kawai, sai a duba ko gida yana ɗauke da gefen wani abu, da kuma inda gefen ya dosa, a tsaye ne, a kwance ne ko a karkace. Dalilinsu shi ne ido ya fi saurin kama ɓaci a gefe fiye da ko'ina.

Amma yanka hoto gida-gida yana da aibin da kowa ya taɓa gani ko da bai san sunansa ba. Idan aka matse hoton JPEG da yawa, sai fuska ta koma ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 sau 8, kowanne yana jayayya da maƙwabcinsa. Maganin wannan ya ɓullo ne daga wani fanni dabam, wato matse muryar mutum. A 1976 Ronald Crochiere da abokan aikinsa a cibiyar Bell suka nuna amfanin raba murya zango-zango, a ware sauti mai kauri da mai siriri, a matse kowanne shi kaɗai. A shekarar ce kuma Croisier da Esteban da Galand, ma'aikatan kamfanin IBM a kudancin Faransa, suka samo matatun da ke raba sigina biyu ta yadda idan an sake haɗa ta, gurɓatar da rabawar ta jawo za ta kashe kanta. Martin Vetterli ya shimfiɗa lissafin zuwa ga hoto a 1984, sannan a 1986 John Woods da Sean O'Neil suka buga aikin da ya raba hoto zango 16 ya matse shi.

Aikin ya yi kama da na mai tankaɗe. Ana zuba hoto a rariya, sai a ware tsaki da gari, a sake ɗaukar kashi guda a zuba a wata rariyar mai ido dabam, a yi ta yi. A zagaye na farko hoto yakan rabu huɗu: ƙaramin kwafinsa mai dishi-dishi wanda ya kai rubu'in girmansa, sai zangon da ya kwashi layukan tsaye, da na kwance, da na karkace. Sai a ɗauki ƙaramin kwafin nan a sake raba shi huɗu. Idan aka yi haka sau biyar, an sami zango 16, kuma hoto mai ɗigo 512 a kowane gefe ya koma ɗan mitsitsi mai ɗigo 16 sau 16 tare da bayanan da za su mayar da shi yadda yake. Da yake matatun suna bin hoton gaba ɗaya ne, babu layin yanka da zai fito.

A daidai wannan lokaci wani kogi dabam yana tahowa daga Faransa. Jean Morlet a lokacin injiniya ne a kamfanin mai na Elf Aquitaine, aikinsa tura girgiza cikin ƙasa da sauraron amsar da duwatsu suka mayar, don gano inda mai yake kwance. Dabarar da Joseph Fourier ya bari tun 1822 tana faɗin irin sautukan da ke cikin sigina, amma ba ta faɗin lokacin da kowanne ya zo, Morlet kuwa lokacin shi ne abin da yake nema, domin shi ke nuna zurfi. Sai ya koma amfani da gajerun igiyoyi, waɗanda masana ke kira webilet, igiya ɗaya da ake miƙewa ko a tsuke gwargwadon abin da ake son kamawa. Ya kai wa masanin kimiyya Alex Grossmann a birnin Marsai, suka buga sakamakon a 1984. Masanin lissafi Yves Meyer ya ɗauka ya gina masa ginshiƙi, aka kuma tuna cewa Alfréd Haar ɗan ƙasar Hangari ya riga ya samo mafi sauƙin irin waɗannan igiyoyi tun 1909. Stéphane Mallat, yana ɗalibi a Jami'ar Pensilbaniya, shi ya gane cewa abin da masu lissafi ke yi da abin da injiniyoyin zango ke yi abu ɗaya ne, ya buga hujjarsa a 1989. Ingrid Daubechies 'yar ƙasar Beljiyam kuma a 1988 ta ƙera dangin igiyoyi masu iyakar tsawo waɗanda kwamfuta za ta iya lissafawa cikin sauri. A 1992 ita da Albert Cohen da Jean-Christophe Feauveau suka fitar da wani dangin, wanda daga cikinsa aka sami matatar nan mai suna 9/7 da har yau ake aiki da ita.

Yawancin masu ba da wannan labari a nan suke tsayawa su yi tafi, kuma waɗannan mutane sun cancanci tafin, Meyer ma ya karɓi kyautar Abel a 2017. Sai dai raba hoto zango-zango bai rage masa ko bit ɗaya ba. Lambobi 262,144 suka shiga, 262,144 suka fito. Ragi yana zuwa ne a mataki na gaba, inda ake dunƙule lambobin, a mayar da 37.4 ta zama 40, a mayar da 0.8 ta zama sifiri, sannan a rubuta su a taƙaice. A nan ne tsohuwar matsalar Chen da Smith ta dawo da sabuwar riga. Idan ka duba cikin zango guda, za ka tarar mafi yawan lambobin suna dab da sifiri, 'yan kaɗan ne manya, kuma manyan ba a warwatse suke ba, sun taru ne a inda hoto ke da gefe ko zane.

Ga yadda ribar rarrabawa take a lissafin takarda. A ce rabin zango yana da ƙarfin motsi 100, ɗaya rabin kuma 1. Wanda ya haɗa su ya yi musu ma'auni ɗaya zai yi aiki kamar ƙarfin duka 50.5 ne. Wanda ya ware su aji biyu ya ba kowanne kasonsa, zai yi aiki kamar ƙarfin 10 ne. Tazarar nan ta ninki biyar tana nufin rarar fiye da bit ɗaya a kan kowace lamba, da inganci iri ɗaya, muddin ana da wadatar bit. A fagen da ake fafutukar saukar da ɗigo zuwa rabin bit, ko ɗan yanki na wannan rara dukiya ce.

Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, tana cikin waɗanda suka fara ɗanɗana amfanin abin. Tun 1924 take tara katunan zanen yatsu, har suka kai wajen miliyan 200, kuma kowane kati idan aka mayar da shi cikin kwamfuta yana cin kusan megabait 10. An gwada JPEG, wanda aka kammala a 1992, sai aka ga murabba'ansa suna kakkarya layukan yatsa, alhali a inda layi ya ƙare ko ya rabu biyu ake gane mutum. Tom Hopper na hukumar, tare da Jonathan Bradley da Chris Brislawn na cibiyar Los Alamos, suka tsara ƙa'idar WSQ a 1993. Tana raba hoton yatsa zango 64, ta auna ƙarfin motsin kowane zango, ta ba shi ma'aunin da ya dace da shi, waɗanda ba su da amfani kuma ta watsar. Da haka aka rage nauyi kusan ninki 15. Rarrabawar a nan tsakanin zango da zango ce, ba a kai ga shiga cikin zangon ba tukuna.

Wanda ya shiga ciki ta ƙofar da ba a zata ba shi ne Jerome Shapiro na cibiyar Sarnoff, a takardarsa ta Disamban 1993. Ya lura cewa kowace lamba a ƙaramin zango tana da 'ya'ya huɗu a zangon da ke biye, jikoki 16, tattaɓa-kunne 64, duk suna magana a kan wuri ɗaya na hoton. Idan uwa ƙarama ce, galibi zuriyarta ma ƙanana ne, domin sararin sama ba ya da layi babba, ba ya da ƙarami. Sai ya ƙirƙiro alama guda mai cewa wannan lamba da duk zuriyarta ba su kai mizani ba, a wuce su. Da alama ɗaya aka sallami lambobi 85 ko fiye. Sannan a rage mizanin da rabi a sake zagayawa. Wannan ya haifar da wani alheri: ana iya yanke saƙon a ko'ina, abin da ya iso zai ba da hoto gwargwadon yawansa. A 1996 Amir Said ɗan Birazil da William Pearlman suka gyara tsarin suka kira shi SPIHT. A sanannen hoton gwaji na Lena, da rabin bit a kan ɗigo, dabarar Shapiro ta sami maki 36.28 a ma'aunin ingancin hoto na desibel, ta Said da Pearlman ta sami 37.21. Ba a cika lissafa waɗannan biyu cikin dabarun rarrabawa ba, amma ni ina ganin su ne ainihinta: aji biyu ne, mai magana da marar magana, kuma gwanintar duk tana cikin arhar da aka samu wajen faɗin wane ne a wane aji.

Shekarar 1997 ce ta fito da saɓanin fili. A ɓangare guda akwai masu cewa mai aikawa ya duba, ya yanke hukunci, ya faɗa wa mai karɓa. A watan Nuwamba mutum bakwai suka buga takarda guda da ke kwatanta hanyoyin rarrabawa a cikin zanguna, cikinsu har da Rajan Joshi da Thomas Fischer na Jami'ar Jihar Washinton, Hamid Jafarkhani da Nariman Farvardin na Jami'ar Merilan, da James Kasner da Michael Marcellin na Jami'ar Arizona. Sun nuna cewa ba dole ba ne azuzuwa su zo da yawa ɗaya kamar yadda Chen da Smith suka yi, domin gidajen shiru sun fi masu hayaniya yawa nesa ba kusa ba. Sun kuma auna cinikin da ke tsakiyar lamarin. Idan ka ƙanƙanta gidaje ka yawaita azuzuwa, rarrabawa tana ƙara kyau, amma taswirar da za ka aika don bayyana ajin kowane gida tana ƙara nauyi, har ta kai inda za ta haɗiye ribar. Mafitarsu ita ce a matse taswirar ita ma, tunda taswirar wannan zango tana kama da ta maƙwabcinsa.

A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa kada a faɗi komai. A taron matse bayanai da ake yi a Snowbird ta jihar Yuta, Scott LoPresto da Kannan Ramchandran da Michael Orchard suka gabatar da wata hanya: kafin a rubuta kowace lamba, a dubi maƙwabtanta da aka riga aka aika, na sama da na hagu. Idan manya ne, mai yiwuwa ita ma babba ce. Mai karɓa yana riƙe da waɗannan maƙwabta, don haka zai yi lissafi iri ɗaya ya kai ga aji iri ɗaya, ba tare da an kashe bit a kan taswira ba. Youngjun Yoo da Antonio Ortega da Bin Yu suka bi irin wannan sawu a takardarsu ta 1999. Wannan tunani yana burge ni har yau, domin ya mayar da abin da aka riga aka biya kuɗinsa ya yi aiki sau biyu. Amma yana da nasa haɗarin. Bit ɗaya ya ɓaci a hanya, mai karɓa zai saka lamba a ajin da ba nata ba, kuskuren ya haifi wani, har hoton ya wargaje. Kuma idan an matse sosai maƙwabta duk sukan koma sifiri, hasashe ya rasa abin kamawa, dole a koma a aika da ɗan taimako.

A cikin wannan muhawara ne kwamitin JPEG ya nemi a kawo masa shawarwarin sabuwar ƙa'ida. A watan Nuwamban 1997 aka gwada dabaru 24 a birnin Sidni na Ostireliya, kuma wadda kamfanin SAIC da Jami'ar Arizona suka kawo, mai amfani da gajerun igiyoyi, ita ta zo kan gaba. Amma a shekara mai zuwa David Taubman ya kawo tsarin EBCOT, wanda ya zama zuciyar abin da aka amince da shi a Disamban 2000 da sunan JPEG 2000. Hikimarsa ita ce ya ɗauki rabi daga kowane ɓangare. Ana yanka kowane zango gida-gida, galibi 64 sau 64, a matse kowane gida shi kaɗai, don haka ɓaci ba ya tsallaka katanga. A cikin gida ana bin hanyar hasashe: kowace lamba ana duba maƙwabtanta takwas a jefa ta cikin ɗaya daga azuzuwa tara, gaba ɗaya tsarin yana da azuzuwa 19 idan aka haɗa da na sauran bayanai. A tsakanin gidaje kuma mai aikawa ne ke yanke hukunci, ya auna inda ƙarin bit zai fi rage ɓaci, ya datse saƙon kowane gida a nan, ya rubuta inda ya datse. Ban san wani sulhu a fagen injiniyanci da ya fi wannan tsafta ba.

Duk da haka JPEG 2000 bai ci kasuwar intanet ba. Yana buƙatar lissafi mai nauyi fiye da tsohon JPEG, akwai fargabar masu haƙƙin mallaka, manhajojin Chrome da Firefox ba su karɓe shi ba, kyamarori kuma suka ci gaba da abin da suka saba. Hoton da ke yawo a wayoyinmu har yanzu jikan dabarar Nasir Ahmed ne. Inda sabon tsarin ya kafu shi ne inda ɓaci ke da tsada. Manyan kamfanonin fim na Holiwud sun zaɓe shi a ƙa'idar sinima ta zamani da suka fitar a 2005, inda ake matse kowane hoto na fim shi kaɗai. Asibitoci da ɗakunan ajiye tsofaffin takardu suna amfani da shi. Ƙa'idar fasfo mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki, irin wanda Nijeriya ta fara bayarwa a 2007, ta yarda a adana hoton fuska da JPEG ko JPEG 2000. Motocin bincike biyu da suka sauka a duniyar Mas a Janairun 2004, Spirit da Opportunity, sun aiko da mafi yawan hotunansu ta wani ɗan'uwansa mai suna ICER, wanda shi ma gajerun igiyoyi ne da hasashe daga maƙwabta. A 2019 kuma aka ƙara wa ƙa'idar sabon sashe, da hannun Taubman a ciki, wanda ya ninka saurin matse gidajen kusan sau goma, aka magance tsohon ƙorafin nauyi.

Ga ɗalibanmu na lissafi da injiniyanci a Zariya, Kano, Maiduguri ko Yamai, wannan fage ne da ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Takardun Shapiro da na Said da Pearlman ɗan aji uku a jami'a zai iya karantawa ya rubuta manhajarsu a kwamfutar cinya, kuma kayan gwaji suna nan kyauta. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a Yunin 2015, suna ɗaukar hoton yankinmu duk bayan kwana biyar, kowane ɗigo yana wakiltar mita 10 a ƙasa. Duk wanda ya yi rajista a shafin Copernicus zai iya sauke hoton Tafkin Cadi, ko fadamar Haɗeja, ko gonakin Maraɗi, ba tare da biyan ko sisi ba, kuma zai tarar fayilolin a tsarin JPEG 2000 suke. Ku sauke ɗaya, ku raba shi zango-zango, ku gwada naku azuzuwan a kan yashi da ruwa da gonar gero, ku ga bit nawa za ku iya ragewa.